Daga Waigin Yaron Mota Zuwa Horar da 'Yan Sa-kai: Tarihin Ceton Rayuka a Haɗarin Mota a Hanyar Wudil

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Wudil a ranar Juma'a, watau ranar da kasuwar garin take ci, ya san irin cinkoson da akan yi tun daga Mariri har bakin gada: ga tireloli ɗauke da shanu, ga tankokin mai, ga motocin haya maƙare da mutane da kaya, ga kuma babura suna kutsawa a tsakaninsu. Haka kuma ya san abin da yakan biyo baya idan tsautsayi ya auku. Kafin a ce kwabo jama'a sun yi dafifi, kowa ya kama inda hannunsa ya kai, wasu suna jan ƙofa, wasu sun hau kan motar, wasu kuma suna kabbara suna neman su tura ta ta koma bisa ƙafafunta, alhali kuwa da mutane a ciki.

A cikin wannan takarda za mu yi ƙoƙarin bin diddigin yadda aikin ceto ya faro, da yadda ya sassauya a wannan hanya, tun daga zamanin fatake har zuwa yau. Za mu fi mayar da hankali a kan mataki guda wanda masana aikin kwana-kwana suke sa shi a gaban sauran matakai, watau tsayar da motar da ta yi haɗari cik, ta hanyar tokare ta, kafin a taɓa wanda yake ciki. Ra'ayinmu shi ne, wannan ilmi yana da tushe a cikin sana'ar mota ta ƙasar Hausa, kuma mutanen da suka fi cancanta a koya wa shi su ne waɗanda kullum suke riga kowa isa wurin.

2.0 WUDIL A MATSAYIN MASHIGI

Garin Wudil yana kimanin kilomita 40 a kudu maso gabashin birnin Kano, a bakin kogin da ya samu daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa, wanda yake gangarawa zuwa Haɗeja. A tsarin sarautar Kano, ƙasar Wudil ta daɗe a hannun Makama. Tun kafin zuwan Turawa garin mashigi ne, domin matafiyin da ya nufi gabas ko kudu maso gabas daga Kano sai ya ƙetare wannan ruwa. Da rani kogin yakan janye a taka yashi a wuce, da damina kuwa sai an nemi masu fito. Bayan da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, yanayin gudun ruwan ya sauya ƙwarai.

A wancan zamani haɗarin tafiya yana da masu shi. Idan kwalekwale ya kife, masunta da masu fito a ƙarƙashin Sarkin Ruwa su ne da alhakin tsamo mutane. Idan jaki ko raƙumi ya faɗi da kaya, madugu ne yake ba da umurni a cikin ayari, kowa kuma ya san aikinsa. Wanda ya karye a kai shi wurin maɗori, wanda yake bukatar tsaga ko ƙaho a kai shi wurin wanzami. Gobara kuwa ta gayya ce: a yi kururuwa, maza su fito da tulu da masaki, a yaye jinkar maƙwabta don kada wutar ta yi tsalle. Abin lura a nan shi ne, ko a cikin aikin gayya akwai shugaba, akwai kuma wanda aka sallama wa a kan sanin abin da ya dace a fara yi.

3.0 SHIGOWAR MOTA DA ILMIN WAIGI

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya bunƙasa a bayansa. Amma layin dogon da aka ja zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930, ta Ringim ya bi, na Maiduguri kuwa, wanda ya isa can a 1964, ta Bauchi da Gombe ya ratsa. Saboda haka dogo bai taɓa raba wa hanyar Wudil nauyinta ba. Gyaɗa da fatu da dabbobin wannan yanki, a kan jakuna da raƙuma suka ci gaba da zuwa Kano, daga baya kuma manyan motoci masu bodin katako suka karɓe su.

Waɗannan motoci sun zo da sabuwar sana'a, watau ta yaron mota, wanda wasu suke kira karen mota. Babban makaminsa shi ne waigi, wani guntun katako mai kauri da aka sassaƙe shi da gangare a gefe guda, aka yi masa mariƙi. Birkin motocin wancan lokaci ba abin dogara ba ne, musamman idan an yi lodi ya wuce kima. Don haka da zarar mota ta tsaya a hawa ko a gangare, yaron mota zai diro da gudu ya cusa waigi a ƙarƙashin tayar baya. Idan za a canja taya, ba a ɗora jak sai an sa waigi, kuma ba a shiga ƙarƙashin mota sai an jera katako a gefen jak ɗin, don ko ya zame motar ta sami abin da za ta zauna a kai. Yaron da ya yi sakaci da wannan ya gamu da fushin maigidansa, kuma zai daɗe bai taɓa sitiyari ba.

Wannan yana cikin darussan farko da ake koya wa ma'aikacin ceto a yau. Tsofaffin direbobinmu sun san shi a aikace, sun kuma gadar da shi ga yaransu ba tare da allo ko littafi ba. Sai dai a kan lafiyayyar mota suka san shi. Ba a faɗaɗa shi ya zama ƙa'idar tunkarar motar da ta riga ta faɗi da mutane a ciki ba, kuma da ƙananan motocin haya marasa yaran mota suka yawaita, sai ilmin ya tsaya a wurin masu manyan motoci kaɗai.

4.0 SHEKARUN ARZIKIN MAN FETUR DA KAFA HUKUMOMI

Shekarun 1970 su ne suka sauya fuskar hanyoyin Nijeriya. A ranar 2 ga Afrilu 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama. Ƙarin albashin Udoji ya sa ma'aikata da yawa suka mallaki motoci da babura, a 1975 kuma aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Motoci suka yawaita, gudunsu ya ƙaru, alhali faɗin hanyoyi da ƙwarewar direbobi ba su ƙaru daidai da haka ba. Daga baya, ƙirƙiro jihohin Jigawa da Yobe a 1991 ya daɗa wa hanyar Wudil zirga-zirga, tun da yake ta nan ake bi zuwa Dutse ta Gaya, ta nan kuma ake bi zuwa Birnin Kudu ta Takai. A 2006 Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, kashin farko kuwa shi ne wanda ya tashi daga Kano ya bi ta Wudil zuwa Shuwarin.

Ta fuskar hukuma, aikin kashe gobara ya faro ne a Ikko a farkon ƙarni na 20 a matsayin wani reshe na 'yan sanda, sai a 1963 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967 kowace jiha ta riƙe tata hukumar, ta Jihar Kano kuwa, ban da kashe wuta, ita ake kira idan mutum ya faɗa rijiya ko kududdufi, ko ya maƙale a cikin mota. A 1974 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa kwamitin kiyaye haɗurra na ƙasa, a 1977 kuma Jihar Oyo ta kafa rundunarta ta kiyaye haɗurra. A watan Fabrairu 1988 ne gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Wani abin sha'awa game da wannan hukuma shi ne, ta tanadi gurbin jami'an sa-kai, watau mutanen gari masu sana'o'insu waɗanda suke ba da lokacinsu kyauta. A 1999 aka kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, a 2012 kuma Jihar Kano ta kafa KAROTA.

A gefe guda kuma akwai ƙungiyoyin jama'a. An ba Red Cross ta Nijeriya gindin zama da dokar 1960. Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, da Fityanul Islam da aka kafa a Kano a 1963, da ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, kowaccensu tana da rundunar 'yan agaji masu kayan sarki, waɗanda ake gani a masallatan Juma'a da filayen idi da sansanin alhazai da asibitoci. A 1978 ɗin ne kuma aka kafa ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wadda take da reshe a kusan kowace tasha. Ashe ke nan ƙasar Kano ba ta rasa 'yan sa-kai ba. Ƙwarewarsu dai ta fi ƙarfi a wajen tsara jama'a da ɗaukar majinyaci da ɗaure rauni.

5.0 YADDA AKA YI A WASU ƘASASHE

Aikin kwana-kwana na sa-kai tsohon abu ne. A 1736 Benjamin Franklin ya kafa irin wannan ƙungiya a birnin Filadelfiya, har yanzu kuwa kusan kashi biyu cikin uku na 'yan kwana-kwanan Amurka masu sa-kai ne. A Jamus adadinsu ya kai kimanin miliyan guda, kuma su ne suke riƙe da ƙauyuka da ƙananan garuruwa. Dalilin haka a fili yake, domin babu gwamnatin da za ta iya ajiye ma'aikata masu albashi a kowace mararraba.

Amma su ma ba su daɗe da mayar da ceton mota ilmi mai zaman kansa ba. A 1966 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da wani rahoto wanda ya nuna cewa mutane da yawa suna mutuwa ko suna naƙasa saboda rashin kyakkyawar kulawa tsakanin wurin haɗari da asibiti. Likita R Adams Cowley na birnin Baltimo ya yayata ra'ayin cewa sa'a ta farko bayan rauni ita ce mafi tsada. A farkon shekarun 1970 aka fara sayar da na'urar buɗa ƙarfe mai aiki da matsin mai, wadda George Hurst ya ƙago bayan ya ga yadda aka daɗe ana fama kafin a fid da wani direban tseren mota. Da wannan na'ura ta yaɗu sai aka sauya tunani: maimakon a fizgo mutum daga cikin mota, sai a yanke motar a raba ta da jikinsa. To, yanka da buɗa ƙarfe suna girgiza mota, suna kuma sauya inda nauyinta ya karkata, don haka tokare ta ya zama wajibi kafin a fara.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Gana. Tsakanin 1998 da 2000 Likita Charles Mock da abokan aikinsa sun horar da direbobin haya 335 a kan taimakon farko, a kwas na sa'a shida kacal, bisa la'akari da cewa direbobin ne suke kai mafi yawan masu rauni asibiti. Binciken da aka yi daga baya ya nuna sun yi amfani da abin da suka koya. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora wanda ya ƙarfafa horar da mutanen gari a ƙasashen da motocin asibiti suka yi ƙaranci. Hukumar ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a haɗarin hanya a 2021, kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce a kan gaba.

6.0 ME YA SA TOKARE MOTA YA ZO FARKO?

Ƙaramar mota takan kai nauyin tan ɗaya zuwa ɗaya da rabi, tirela mai lodi kuwa takan haura tan 30. Ko motar da take tsaye bisa tayoyinta huɗu ba a tsaye take cik ba, domin a kan sifirin take zaune, duk wanda ya jingina ko ya hau sai ta yi lilo. Ga mai lafiya wannan ba kome ba ne. Ga wanda ƙashin wuyansa ko na bayansa ya tsage, ɗan wannan motsi yana iya taɓa lakarsa ya bar shi a kwance har ƙarshen rayuwarsa. Motar da ta kwanta a gefenta ita ce mafi haɗari, saboda ɗan siririn wuri ne yake riƙe da ita, tana iya rikitowa ta kowane ɓangare, kan mai ceto ko kan wanda hannunsa ya leƙo waje. Wadda ta kife kuwa, nauyin inji yakan rinjayar da gabanta ƙasa, ginshiƙan rufinta da suka riga suka lanƙwashe suna iya ƙarasa durƙushewa. Nan ne karin maganar nan ta garin neman gira a rasa ido take tabbata.

Matakan da ake koyarwa ba su da wuyar fahimta. Da farko a tsare wurin, a sa alama nesa ta kowace fuska don kada wata motar ta afko, a janye jama'a, a hana shan taba da kunna ashana. Na biyu, mutum guda ya zagaya motar ya duba ko mai yana zuba, ko akwai wayar lantarki da ta faɗo. Na uku, a sa waigi gaba da bayan taya, a ja birkin hannu, a kashe inji, a cire kan batir, a fara da na waya mara wuta. Na huɗu, a cusa katako a ƙarƙashin ƙashin motar ta wurare huɗu, yadda nauyinta zai bar sifirin ya koma kan katakon. Idan tazarar tana da yawa, sai a jera katakai masu kaurin inci huɗu, biyu a tsaye biyu a gicciye, hawa-hawa, kada kuma tsayin jerin ya wuce faɗinsa ninki biyu ko uku. Ba a amfani da bulon siminti, domin yakan farfashe farat ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Motar da ta kwanta a gefe, sai a tokare ta da dogayen sanduna ta ɓangarorin biyu, a ɗaure gindinsu da jikin motar da ɗamara mai ƙarfi. Idan ya zama dole a ɗaga, to, duk incin da jak ya ɗaga sai a bi shi da katako. A duk tsawon wannan aiki mutum guda ne yake ba da umurni, wani kuma yana riƙe da kan mai rauni yana yi masa magana. Mayar da mota bisa ƙafafunta aikin janwe ne, bayan an fid da kowa. Ba a keta wannan tsari sai wuta ta kama, ko ruwa yana neman cin motar, ko numfashin mutum ya tsaya.

Zamani ya kuma zo da nasa haɗurran. Jakar iskar da ba ta fashe ba tana iya fashewa a fuskar mai ceto, ko da an cire batir, har zuwa wani ɗan lokaci. Tun bayan janye tallafin man fetur a 2023 motoci masu tukunyar gas suna ƙaruwa. Tankar mai kuwa, wadda takan ɗauki lita 33,000 ko fiye, hukuncinta daban ne: aikin ɗan sa-kai a nan shi ne ya kori jama'a nesa, ya kira 'yan kwana-kwana. Abin da ya faru a Majiya ta Ƙaramar Hukumar Taura a Jihar Jigawa, a ranar 15 ga Oktoba 2024, inda tanka ta faɗi, mutane suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi ta ci fiye da mutum 150, ya ishe mu wa'azi.

7.0 ABIN DA WUDIL TAKE DA SHI

Idan muka dubi Wudil da idon basira za mu ga kusan duk abin da ake bukata yana nan a warwatse. Akwai Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda, wadda aka kafa a 1988, ta tare a mazauninta na Wudil a 1996, aka kuma ɗaga ta zuwa mai ba da digiri a 2012. Akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha wadda ta fara aiki a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, tana kuma da sashen koyar da injiniyoyi. Akwai babban asibiti. Akwai 'yan agaji, da direbobi, da 'yan kamasho, da makanikai, da masu walda, da kafintoci, da masunta waɗanda su ne madogara idan abin ya auku a kan gada.

Saboda haka muna ba da shawarwari uku. Na ɗaya, Hukumar Kashe Gobara da Hukumar Kiyaye Haɗurra su shirya gajeren kwas da harshen Hausa, a filin tasha ko na kara, da matacciyar mota a gaban ɗalibai, domin aikin hannu ba ya koyuwa a kan allo. A gayyaci tsofaffin direbobin manyan motoci su zama cikin masu koyarwa, a kuma maimaita kwas ɗin a kai a kai. Na biyu, a ajiye akwatin kayan tokare, watau waigi da katakai da sanduna da ɗamara da abin kashe wuta, a bakin gada da kasuwa da manyan mararrabai kamar Gano da Darki, a hannun amintaccen mutum da kowa ya sani. Kafintocin garin za su iya yin mafi yawan waɗannan kaya. Na uku, a wayar da kan jama'a game da lambobin kiran gaggawa, watau 112 da 122, da kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, domin tsoron shiga rigimar shaida yana sa wasu su ja da baya. Mu kuma da muke kwalejojin ilmi, wajibinmu ne mu tace kalmomin wannan fanni daga bakin masu sana'a, mu rubuta ɗan littafin koyarwa, mu kuma sa shi cikin darasin kiwon lafiya na ɗalibai malamai.

8.0 KAMMALAWA

A taƙaice, mun ga yadda aikin ceto a mashigin Wudil ya taso daga hannun Sarkin Ruwa da madugu, ya biyo ta hannun yaron mota da waiginsa, har ya iso ga hukumomin da aka kafa daga 1963 zuwa 2012. A duk waɗannan zamanai mutanen gari ne suke fara isa wurin haɗari, kuma abin da suka aikata a mintocin farko shi yakan raba tsakanin wanda zai koma gona da wanda zai ƙare a kan tabarma. Tausayi da zafin nama ba su taɓa yi wa jama'armu ƙaranci ba. Abin da ya rage shi ne a koya musu tsari, a ba su katako, a kuma naɗa musu wanda za su saurara wa. Muna fata mahalarta wannan taro, musamman malaman tarihi da na harshe, za su tattara bayanan tsofaffin direbobi da masu fito na Wudil tun suna raye, domin a kan abin da suka sani ne za a ɗora sabon horon.